Mai Gumi, Buɗe Littafin Kamfanin Kafin Ka Miƙa Kuɗinka

A watan Disamban 2021 kamfanin MTN ya fito da hannun jari miliyan 575, ya ce talaka ma ya matso ya saya. Kowane ɗaya naira 169, mafi ƙarancin abin da mutum zai ɗauka kuma guda 20, wato naira 3,380, kuɗin da wasunmu ke ƙonewa a kati da data kafin wata ya raba. Mutum 126,720 suka amsa kira. Ba na shakkar cewa a cikinsu akwai malamin firamare da ma'aikaciyar jinya, akwai tela da makanike, akwai wadda ta kwashe adashinta ta zuba. Sun yi abin da ya kamata a yaba musu, domin sun tashi daga masu biyan kamfani kuɗi kullum sun koma masu kaso a cikinsa.

Shekara biyu da 'yan watanni bayan haka kamfanin ya fito ya ce ya yi asara. Mutane suka riƙe baki. Ga waya a hannun kowa, ga data ana saye ba dare ba rana, to ta wace kafa asara ta shigo? Kafar a rubuce take a cikin rahoton kamfanin tun kafin ruwa ya ci ta. Wanda ya buɗe ya karanta bai sha mamaki ba.

Ku da kuke tashi tun da asuba, ku da albashi ke ƙarewa kafin wata ya ƙare amma duk da haka kuke matse wani abu ku ajiye, da ku nake magana. Kada wani ya raina muku hankali ya ce karanta lissafin kamfani sai mai taye a wuya da ke zaune a dogon bene a Legas. Ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai amfani ga masu son ku miƙa kuɗi ido rufe. Wanda ya iya ciyar da iyali da albashin naira 70,000 a shekarar da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100, kamar yadda ta kai a Disamban 2024, ya riga ya ci jarrabawar lissafin da ta fi wannan wuya. Ma'aikacin da ke ƙarƙashin tsarin fansho na karo-karo kuwa, ya sani ko bai sani ba, ya daɗe da shiga kasuwar. Kashi 8 da ake cirewa a albashinsa da kashi 10 da mai aiki ke ƙarawa suna hannun kamfanonin fansho, su kuma suna zuba wani sashe a hannun jarin irin waɗannan kamfanoni. Tun da kuɗin tsufanka yana ciki, ai ka fi kowa haƙƙin leƙawa.

Leƙawar ma ba ta da shamaki. Duk kamfanin da ke kan kasuwar hannun jari ta Najeriya, NGX, tilas ne ya baje lissafinsa a faifai. Duk wata uku sai ya fitar da rahoto, ƙarshen shekara kuma ya fitar da babba wanda odita daga waje ya bincika ya sa hannu. Kyauta ake ɗaukarsa a shafin kasuwar da na kamfanin. Yana da kauri, gaskiya ne, kuma da Turanci yake, amma naman ciki bai wuce takardu uku ba: ta riba da asara, ta dukiya da bashi, da ta shige da ficen tsabar kuɗi. Lamba kuwa ba ta da yare.

Ku zo mu buɗe na MTN tare. Layin farko shi ne kuɗin ciniki. A 2022 naira tiriliyan 2.01, a 2023 tiriliyan 2.47, a 2024 tiriliyan 3.36, layukan da ke aiki kuma sun haura miliyan 80. Wanda ya tsaya a nan zai ce kakarsa ta yanke saƙa. To ya dakata tukuna. Ƙarin da aka samu a 2024 kusan kashi 36 ne, a shekarar da farashin kaya ya tashi da kusan hakan, ke nan in aka auna da abin da naira ke iya saye, cinikin tsaye yake wuri ɗaya. Sai a gangara layin ƙarshe. A 2022 riba ce ta biliyan 358.9, har aka raba wa masu jari naira 15 da kwabo 60 a kan kowane hannu. A 2023 asara ce ta biliyan 137. A 2024 asarar ta kai biliyan 400.4.

Tsakanin layin farko da na ƙarshe akwai wani layi da ya cinye komai, shi ne asarar canjin kuɗi. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta da kanta. Dalar da ake samu wajen naira 460 a hukumance ta kai 907 a ƙarshen shekarar, ta kai 1,535 a ƙarshen 2024. MTN da naira yake karɓar kuɗi a hannunmu, amma yawancin turakun sadarwar da kuke gani a unguwanni ba nasa ba ne, haya yake biya ga kamfanoni irin su IHS, kuma a lokacin kaso mai tsoka na hayar an ɗaure shi da dala. Na'urori da dala ake sayo su, wani sashe na bashinsa ma na dala ne. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya taɓa ɗauko atamfa bashi da dala ya sayar da naira ya san wannan ciwo ba sai an yi masa bayani ba: shago cike da masu saye, kaya na fita, amma ranar biya sai ka tarar cinikin gaba ɗaya bai kai uwar kuɗi ba. Abin da ya sami MTN ke nan, asarar canji ta biliyan 740 a 2023, da ta biliyan 925 a 2024.

Saboda haka idan kun riƙe rahoton kowane kamfanin fasaha, kada ku tsaya a nawa ake binsa. Ku nemi sanin da wane kuɗi ake binsa, da wane kuɗi yake samu, kuma yaushe ne ranar biya. Amsar tana can baya, a cikin bayanan da ke biye da takardun uku, inda rubutu ke ƙanana kuma mutane ke ƙyuyar zuwa. Ku je. Kamfani yana ƙawata shafukan farko da hotuna da jawabin shugaba, amma abin da ba ya son a yi ta maimaitawa a can baya yake ajiye shi, tun da doka ba ta bar shi ya ɓoye ba.

Takardar dukiya da bashi ta MTN a ƙarshen 2024 abar tsoro ce. Da aka jera duk abin da ya mallaka aka cire duk abin da ake binsa, sai aka tarar bashin ya zarce da biliyan 458. Kamfanin da ke cikin wannan hali ba ya raba riba, don haka masu jari suka wuce shekarar hannu rabbana. Ribar aiki ma ta sha duka. A cikin kowace naira 100 ta ciniki, abin da ke saura bayan an biya kuɗin gudanarwa, kafin a zo maganar kuɗin ruwa da haraji da tsufan na'urori, ya sauka daga naira 53 a 2022 zuwa 49, sannan zuwa 39.

A daidai nan mai karatu ke rabuwa da mai jin ƙishin-ƙishin. Mai jin ƙishin-ƙishin ya ji kalmar asara, ya ga farashi ya faɗo ƙasa da naira 200, ya sayar da nasa ya gudu. Mai karatu kuwa ya zauna ya tambayi kansa wane irin ciwo ne wannan. Masu saye sun gudu? Ba su gudu ba. Tsabar kuɗi ta daina shigowa? Takarda ta uku ta nuna tana shigowa. Babban sashe na asarar canjin lissafi ne na bashin hayar da za a biya a hankali cikin shekaru masu zuwa, wanda aka sake ƙiyasta shi da sabon farashin dala. Ciwo ne na gaske, amma daga waje ya shigo, kuma ana iya faɗin maganinsa da suna: a rage abin da ke ɗaure da dala, a ƙara kuɗin kira da data, naira kuma ta samu ta tsaya. A watan Agustan 2024 MTN ya sake zama da IHS aka gyara yarjejeniyar haya aka rage kason dala. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin farashi har kashi 50. Ƙarin nan ya yi mana zafi, ƙungiyar ƙwadago ta NLC ma ta yi tir da shi, kuma ba na ganin laifinta. Sai dai abin lura, aljihun da aka tatsa namu ne, wanda ya riƙe hannun jari shi kaɗai ne wani abu zai dawo wa. A wata ukun farko na 2025 kamfanin ya bayyana ribar biliyan 133.7, kafin shekarar ta ƙare kuma farashin hannu ya haye naira 400.

Kada a ɗauka cewa nake yi ku ruga ku sayi MTN. Da naira ta ci gaba da zubewa, ko hukuma ta hana ƙarin farashi, da labarin ya sha bamban, kuma karatu ba ya sa mutum ya san gaibu. Abin da yake yi shi ne ya nuna maka abubuwa biyu ko uku da lafiyar kamfanin ta rataya a kansu, ka zuba musu ido. Ga kamfanin sadarwa, ɗaya daga ciki kullum hukuma ce. A 2015 NCC ta ci MTN tarar naira tiriliyan 1.04 saboda layukan da ba a yi wa rajista ba, daga baya aka sasanta a kan biliyan 330, da sharaɗin ya shiga kasuwar hannun jari ta gida. Wannan sharaɗi ne ya kawo shi kasuwar a watan Mayun 2019 a kan naira 90, shi ne kuma ya buɗe wa talaka ƙofa.

Wancan kamfani ne mai asara a takarda, kuɗi na shiga aljihu. Akwai akasinsa, kuma shi ya fi kisa. A Jamus an yi wani kamfanin fasahar biyan kuɗi mai suna Wirecard. Kowace shekara ribarsa hawa take, a 2018 har aka sa shi cikin jerin manyan kamfanoni 30 na ƙasar, ya ture tsohon banki Commerzbank. Wani ɗan jaridar Financial Times, Dan McCrum, ya shafe shekaru tun daga 2015 yana cewa lambobin nan ba su haɗu ba. Maimakon a binciki kamfanin, sai hukumar da ke sa ido a kan kasuwar Jamus ta hana yin cacar faɗuwar hannun jarinsa na wani lokaci a 2019, ta kuma kai ƙarar 'yan jaridar. Ranar 18 ga Yunin 2020 oditan kamfanin, EY, ya ƙi sa hannu, ya ce bai iya tabbatar da yuro biliyan 1.9 da aka ce suna ajiye a bankunan Filifin ba. Bayan kwana huɗu kamfanin da bakinsa ya ce da alama kuɗin babu su. Ranar 25 ga wata ya durƙushe. Hannun jarin da ya haura yuro 100 a tsakiyar watan ya koma ƙasa da yuro 2.

Za ku ce, in hukumar Jamus da manyan oditoci sun ruɗu, ina ga mu? Tambaya ce mai kyau, amma ku duba wannan. Kamfanin da ke iƙirarin yana da biliyoyi a ajiye, a 2019 kaɗai ya karɓi yuro miliyan 900 ta hanyar yarjejeniya da SoftBank na Japan, ya kuma ci wani bashin na miliyan 500. Me mai kuɗi jibge a banki yake nema da bashi mai ruwa? Wannan tambaya ba ta buƙatar digiri. Masu digirin ma sun gan ta, kwarjinin suna ne ya rufe musu baki. Ku da ba ku da wani suna da kuke tsoron ɓatawa, ku yi ta. Ku ɗora riba kusa da tsabar kuɗin da aiki ya kawo, shekara uku ko biyar a jere. In riba na hawa, tsabar kuɗi na kwance, kuɗin da ake bin masu saye kuma na kumbura fiye da ciniki, to ku ja da baya. Ku karanta wasiƙar odita, shafi kaɗan ce. In ya yi togaciya, ko ya ce yana shakkar ɗorewar kamfanin, ko an yi ta ɗage ranar fitar da rahoto, kun sami amsa.

Akwai kuma kamfanin da bai yi riba ba tukuna, yana cewa a yi haƙuri, girma yake yi. Kamfanonin fasaha sun cika wannan magana, wani lokaci kuma gaskiya ce, domin Amazon bai ga ribar cikakkiyar shekara ba sai 2003. Jumia, wanda ya fara a Legas a 2012, ya shiga kasuwar New York ta Amurka a Afrilun 2019 a kan dala 14.50. Cikin makonni ya haura dala 40, a Maris ɗin 2020 ya faɗo ƙasa da dala 3, a Fabrairun 2021 ya haura 60. Duk wannan tsalle-tsalle, kamfanin ɗaya ne, kuma a 2019 asarar aikinsa, yuro miliyan 228, ta fi kuɗin cinikinsa, miliyan 160. Ga irin wannan, lissafi ɗaya ne zai cece ku. Ku ɗauki kuɗin da ke asusunsa ku raba da abin da yake ƙonewa duk wata uku, za ku ga sauran numfashinsa. In ya ƙare, sabon hannun jari zai buga ya sayar, kamar yadda Jumia ya yi a ƙarshen 2020 da farkon 2021, kason da kake riƙe da shi kuma ya tsuke ba tare da ka sayar da ko ɗaya ba. Don haka a duba yawan hannayen jarin bana da na bara.

Lafiyayyen kamfani ma ana iya sayensa da tsada har a yi kuka. Ku raba farashin hannu ɗaya da ribar da hannun ya samu a shekara. Ribar kowane hannun MTN a 2021 naira 14 ce da ɗoriya, ke nan wanda ya saya a 169 ya biya kuɗin ribar shekara 11 da rabi. In kun ga wanda ake sayarwa a kan ribar shekara 80, sai ku tambayi mai tallarsa wane irin girma ne zai biya wannan jira.

Na san da yawa daga cikinmu abin da ke riƙe da su ba tsoron lamba ba ne, tsoron haram ne, kuma wannan tsoro abin girmamawa ne. To shi ma a cikin takardun nan ake warware shi. Ma'aunin hukumar AAOIFI da ke Bahrain, wanda malamai da yawa na harkar kuɗin Musulunci ke bi, ya ce sana'ar kamfani ta zama halal, bashinsa mai ruwa kada ya wuce kashi 30 na darajarsa a kasuwa, abin da ya shigo ta hanyar da ba ta halatta ba kuma kada ya wuce kashi 5 na kuɗin shiga, shi ma a cire shi a bayar. Kasuwar Najeriya tana da jerin kamfanonin da aka tace ta wannan fuska, mai suna NGX Lotus Islamic Index. Malamai sun yi saɓani a kan wasu rassan, kowa ya tambayi wanda ya amince da iliminsa, amma ya je masa da lambobin a hannu, don malam ba zai yi fatawa a kan abin da ba a nuna masa ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne, mutanen da ke cewa kasuwar hannun jari ta fi ƙarfinsu su ne suka yi layi a MMM, mai alkawarin kashi 30 a wata, har ya rufe asusu a Disamban 2016. Su ne kuma suka koma CBEX, mai alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ya watse a Afrilun 2025. Dukansu da rigar fasaha suka zo, babu mai rahoton odita, babu mai rajista da hukumar SEC mai sa ido a kan kasuwar hannun jari. Ƙarfin zuciyar da aka kai can, da rabinsa aka kawo nan tare da karatu, da gidaje da yawa ba su yi kuka ba.

Ku fara da kamfani ɗaya wanda kuka san abin da yake sayarwa. Kada ku sa ko kwabo tukuna. Ku haɗu ku huɗu ko biyar, a ɗakin malamai bayan an tashi, a gareji, a ofishin ƙungiyar gama kai, ku jawo ɗa ko ƙanwa mai Turanci ta riƙa fassarawa. Ku ja layi a takarda ku rubuta na shekara uku: ciniki, riba, tsabar kuɗin da aiki ya kawo, abin da aka kashe a kan na'urori, bashi da irin kuɗinsa, yawan hannayen jari. Ranar farko kanku zai yi zafi. Kafin rahoto na uku za ku ji kuna gardama da juna a kan lamba, kuma daga ranar ba mai sake sayar muku da iska. In kun yanke shawarar saye, ku bi ta dillalin da sunansa ke cikin rajistar SEC, ku tabbatar an buɗe muku asusun CSCS, inda ake ajiye hannun jari, da sunanku, kada kuma kuɗin abinci ko na makaranta ko na haya ya shiga, kada kuma duk ajiyarku ta tafi wuri ɗaya. Mai hannu 20 yana da damar halartar babban taron shekara ya ɗaga hannu ya tambayi shugabannin kamfani, daidai da mai miliyan 20. Kamfanonin da ke rufe littafi a Disamba suna fitar da rahoton wata uku wajen ƙarshen Afrilu, na wata shida ƙarshen Yuli, na wata tara ƙarshen Oktoba, babban kuma kafin Maris ya fita. Ku duba kalanda ku ga wanne ne ke tafe, ku sa ranar zamanku a makon da zai fito.